Daga Kamun Makaranta Zuwa Layin Abinci: Tarihin Ɗan Talaka da Taimakon Makaranta a Ƙasar Dutse

A yawancin makarantun sakandaren gwamnati da ke Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu akwai malami guda da aka ɗora wa nauyin sauraren matsalolin ɗalibai da ba su shawara. Wani yana da ɗan ofis a ƙarshen baranda, wani kuwa teburinsa ne kawai a ɗakin malamai. A bisa ƙa'ida, wurinsa ne ya kamata yaron da ya rasa kuɗin jarrabawa ya nufa, haka ma yarinyar da ake shirin cirewa a yi mata aure, da marayan da ya wuni bai sa komai a bakinsa ba. Amma duk wanda ya yi karatu a irin waɗannan makarantu, kamar yadda na yi, ya san cewa ɗaliban da suka fi buƙatar wannan malami su ne suka fi kauce wa ƙofarsa. Ƙannen waɗannan ɗalibai kuwa, da ke firamare, su ne suka riƙa riga kowa shiga layi a lokacin da ake kawo abincin gwamnati, ba tare da jin nauyin kowa ba. Gida ɗaya suka fito, yunwa ɗaya ke damunsu. Me ya sa ɗan talaka ke karɓar wani taimakon hannu bibbiyu, wani kuma ya juya masa baya, alhali duka biyun dominsa aka tanade su? A ganina ba za a sami amsar wannan tambaya a halin yaran ba, sai an koma ga abin da iyayensu da kakanninsu suka gani tun daga zuwan boko.

Kafin nan, ya kamata a san abin da ake magana a kai. A ƙasashen Turawa kula da walwalar ɗalibi sana'a ce mai zaman kanta. A Amurka ta faro ne wajen 1906, lokacin da aka fara tura wasu mata da ake kira malamai masu ziyara zuwa gidajen matalauta da baƙin haure a biranen Niyok da Boston, su gano abin da ke hana yaro zuwa makaranta, su koma su shaida wa malaminsa. A wannan shekarar ce kuma majalisar Ingila ta yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi ikon ciyar da yaran da yunwa ke hana su karatu. Mu a nan ba mu da ma'aikaci mai wannan suna a makarantunmu. Aikin dai yana nan, sai dai a warwatse yake a hannun mutane da dama: malamin aji, malamin ɗakin kwana, mai dafa abinci, mai unguwa, wata dattijuwa a cikin gari. Saboda haka aikin zan bi, duk hannun da na same shi.

Kafin zuwan allon bango

Ƙasar Dutse, wato yankin da ya ƙunshi ƙananan hukumomin Dutse da Birnin Kudu da Gwaram da Buji da Kiyawa da Jahun da Miga a yau, ta san ɗalibi maras galihu tun kafin a ga Bature, kuma tana da hanyar riƙe shi. Almajirin da aka kawo daga wani gari yakan sami uwar ɗaki, matar da zai ɗebo wa ruwa, ya yi mata aike, ita kuma ta ajiye masa tuwon dare, ta ba shi sabulu, in ya yi rashin lafiya ta san halin da yake ciki. Da damina ya yi noma a gonar malam, da kaka manoma su kawo zakka da sadaka. Ba ina cewa tsarin ba shi da aibu ba ne. Yaro da yawa ya sha wuya a cikinsa tun a wancan zamani. Abin lura shi ne matsayin mai karɓa. Matar da ta zuba wa almajiri tuwo lada take nema, don haka a wurinta yaron ƙofar alheri ne. Shi ma bai ɗauki kansa maroƙi ba, domin Bahaushe ya raba bara da roƙo, ya kuma raba su da maula. Ga shi kuma yana biya da ƙarfinsa da addu'arsa. Ba a rubuta sunansa a wata takarda, ba a tara jama'a don a ga an ba shi. Da wannan ma'auni mutanen ƙasar suka auna duk wani taimako da ya zo daga baya.

Zamanin kamu

Turawa sun ci Kano a 1903, kuma Dutse da Birnin Kudu da Gwaram da Jahun duk gundumomi ne a ƙarƙashin Sarkin Kano a lokacin. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa. Sannu a hankali aka riƙa kafa elementare a garuruwan hakimai, wanda ya yi ƙoƙari a wuce da shi Midil ta Kano. Matsalar ita ce iyaye ba sa kawo yara. Sai En'e ta riƙa yanka wa hakimi adadi, hakimi ya yanka wa dagaci, dagaci ya sa mai unguwa ya nemo. Kowa ya san inda irin wannan nema yake ƙarewa. Mai hali yakan kai akuya ko damin dawa a tsallake gidansa. Malami yakan tura ɗansa gabas karatun Alƙur'ani kafin 'yan kamu su iso. Wanda ya rage shi ne maraya, da ɗan bara, da ɗan wanda ba shi da mai tsaya masa a fada. Kakana na wajen uwa, wanda ya tashi a wani ƙauye kusa da Kiyawa, yakan ba mu labarin yadda aka ɓoye shi cikin rumbu yini guda, aka tafi da ɗan maƙwabcinsu wanda ubansa ya rasu, mata suka bi su har bakin gari suna kuka kamar an ɗauki gawa.

Yaron da aka kama kuwa, En'e ce ke ciyar da shi in ya kai makarantar kwana, ta ɗinka masa riga da wando, ta ba shi sabulu da ɗan abin kashewa. In aka duba da idon yau, wannan shi ne taimakon hukuma na farko da ɗalibi matalauci ya samu a wannan ƙasa, kuma ba ƙarami ba ne. Sai dai bai zo masa a matsayin taimako ba. Ya zo ne ta hannun mutanen da ke karɓar haraji da jangali, waɗanda ke kama mutane aikin tilas. Uban da ya ga ɗansa ya dawo hutu da sabuwar riga bai ga kyauta ba, farashin ɗansa ya gani. Daga nan ne tunanin ya kafu cewa duk abin da hukuma ta ba ɗanka a makaranta, akwai abin da za ta karɓa a madadinsa, kuma abin da aka fi tsoro shi ne addininsa da biyayyarsa ga gida.

An sha faɗin yadda lamarin ya juye: waɗanda aka kama suka zama malaman makaranta da malaman asibiti da ma'aikatan gona, 'ya'yan waɗanda aka ɓoye suka riƙa zuwa gaishe su. Gaba ta kai su, gobarar Titi. Wannan gaskiya ce, kuma ta fi kowace lacca tasiri wajen sassauta zukatan iyaye, domin hujja ce mai tafiya da ƙafa, tana hawa keke, tana karɓar albashi a ƙarshen wata. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya faru a cikin makarantar kwanan kanta. A makaranta irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda attajiri Aliko Ɗangote ya kammala a 1978, ɗan hakimi da ɗan ɗan kasuwa da ɗan manomi riga iri ɗaya suke sawa, gabza ɗaya suke ci, gado iri ɗaya suke kwanciya. Ɗan talaka yana cin abincin gwamnati sau uku a rana, ba wanda ya ce masa sadaka yake ci, tunda na kusa da shi ma shi yake ci. Ba a taɓa yin tsarin da ya rufa wa yaro matalauci asiri kamar wannan ba, ko da yake waɗanda suka tsara shi ba rufin asiri ne a ransu ba.

Ofishin da aka shigo da shi

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Makarantu suka isa ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, aka horar da malamai cikin gaggawa, yara suka cika azuzuwa har da gindin bishiya. Shekara guda bayan haka, a 1977, aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta tanadi a sanya masu ba ɗalibai shawara a makarantun gaba da firamare. Da aka shiga tsarin 6-3-3-4 a 1982, sai aikin ya ƙara samun gurbi, saboda ana buƙatar wanda zai raba yara tsakanin kimiyya da fasaha da sana'a.

Asalin wannan aiki a Nijeriya yana da muhimmanci ga batunmu. Masu tarihinsa suna danganta shi da 1959, lokacin da wasu mata 'yan mishan a Kwalejin Santa Tarisa ta Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin aikin da za su iya nema. Wato an gina shi ne a kan tambayar wace sana'a ɗalibi zai zaɓa. Yaron da ya fito daga ƙauyen Miga ko Buji tambayarsa daban ce: shin zai dawo zango mai zuwa, ko kuwa ci-rani zai tafi? Malamin da aka koya wa auna basira da cike takardun zaɓen darussa ba shi da buhun gero a ofis, ba shi da asusu, ba shi da babur ɗin zuwa gidan ɗalibi. Sau da yawa ma ba a horar da shi ba. Wanda darasinsa ya fi ƙaranci a jadawali shi ake miƙa wa aikin.

Sannan ga wani tabo da ofishin ya gada. Kalmar walfiya ta riga shi shiga kunnen mutane, kuma ba ta shiga da daɗi ba. Ofishin walwalar jama'a da aka sani a birane shi ne inda ake kai ƙarar miji, inda ake kai jaririn da aka tsinta, inda ake bi da yaro kafin a kai shi gidan kangararru bisa dokar yara da matasa da aka shimfiɗa a Arewa a 1958. A makaranta ma haka abin ya kasance: ba a cika tura ɗalibi wurin malamin shawara ba sai ya yi faɗa, ko an kama shi da taba, ko ya tsallake katanga. Wanda aka gani yana fitowa daga wannan ɗaki, abokansa tambayarsa suke me ya yi. Ba mai tambayarsa me ya samu.

Amma babban shingen yana cikin gida. Bahaushe ya ɗauki talauci a matsayin sirri, shi ya sa addu'arsa ta kullum ita ce Allah ya rufa asiri. Uwa takan ɗora tukunya a murhu ko ba komai a ciki sai ruwa, don kada maƙwabta su ga hayaƙi bai tashi ba. Yaron da ya tashi a irin wannan gida an koya masa tun yana ƙarami cewa in aka yi masa tayin abinci a gidan mutane ya ce ya ƙoshi. To, sai ga wani malami baƙo, wataƙila ma ɗan bautar ƙasa da ba ya jin Hausa, ya zaunar da shi ya ce ya faɗi matsalarsa. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya ce rumbun ubansa ya ƙare tun kafin damina, ko ya ce ubansa ya tafi kudu wata bakwai ba aike. A wurin malamin wannan bayani ne da zai rubuta. A wurin yaron tona asirin uba ne, kuma ya gwammace ya bar makarantar da ya aikata haka. Mutane kan kira wannan girman kai, har su kawo karin maganar nan ta girman kai rawanin tsiya. Ban yarda ba. Yaron yana kare abu ɗaya tilo da gidansu ya mallaka ne. Ga 'ya mace kuwa abin ya ninka, domin shigarta ɗaki ita kaɗai da malami namiji, a rufe ƙofa, magana ce da za ta riga ta isa gida.

Siyasa ta sauya sunan abin

A daidai wannan lokaci wani abu yana faruwa a wajen makaranta. Tun daga 1950 jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta riƙa koya wa mutanen karkarar Kano cewa kalmar talaka ba zagi ba ce, suna ne na mai haƙƙi da aka danne. Da PRP ta ci Jihar Kano a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, a 1980 kuma ya kafa hukumar ilimin manya. Manomin da ya ga an ɗauke masa haraji, sannan aka ce ya zo ya koyi karatu da yamma, ya fara kallon gwamnati a matsayin wadda ake bi bashi. Wannan sauyi na harshe ya yi wa ɗan makaranta amfani ƙwarai, domin abin da ake jin kunyar roƙa ba a jin kunyar nema in an san naka ne.

Sai dai ba a daɗe ba kuɗin mai ya ja baya. Daga tsakiyar shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, makarantun kwana da dama suka koma jeka-ka-dawo, abinci ya ragu, littafi ya koma wuyan uba, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ya zama harajin da ake korar yaro a kansa. Iyaye suka ƙara wani darasi a kan na zamanin kamu: kyautar gwamnati ba ta da tabbas, kada ka sayar da akuyarka saboda ita. A cikin wannan yanayi aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta wayi gari babban birnin jiha, da makarantun da ta gada daga Kano da raunukansu duka. Gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996, da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, sun ƙara wa mutane zargin duk abin da aka ce kyauta ne kuma na yara ne. Ina firamare na ga ranar da aka zo raba maganin tsutsar ciki, rabin ajinmu suka fice ta taga saboda gargaɗin da aka yi musu a gida.

Masu shiga inda ba a shiga

Ni a lissafina, juyin gaske ya zo ne a shekarun 2000, kuma ba daga ofishin shawara ya fito ba. An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Jigawa tana cikin jihohi shida da aka fara shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya a tsakiyar shekarun, sannan shirin ESSPIN ya yi aiki a jihar daga 2008 zuwa 2017. Abin da ya fi wanzuwa daga waɗannan shirye-shirye shi ne kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda ya haɗa mai unguwa da liman da wakilan iyaye da na ɗalibai, aka kuma wajabta sanya mata a ciki. Daga nan ƙungiyoyin iyaye mata suka samu ƙarfi.

Waɗannan mata, waɗanda da yawansu ba su taɓa zama a aji ba, su ne suka yi aikin da malamai masu ziyara na Amurka suka yi shekara ɗari kafin su. Hedimasta namiji iyakarsa zaure, in ma an bar shi ya tsaya. Dattijuwa kuwa takan yi sallama ta wuce har tsakar gida, ta zauna a tabarma, ta yi barka da aiki, a yi hira, sannan ta tambayi dalilin da ya sa ba a ga yarinya a makaranta ba kwana biyu. Ba ta buƙatar a faɗa mata akwai talauci, tana gani. Ta kuma san abin da takardun hukuma ba su cika faɗa ba, wato tallan da yarinya ke kaiwa kasuwar Shuwarin ko ta Sara shi ne asusun kayan ɗakinta, kuma uwar da aka ce ta hana 'yarta talla an ce mata ne ta kai ta gidan miji hannu rabbana, ta sha gorin dangi. Saboda haka dattijuwar ba ta cewa a daina talla. Takan nemi a mayar da shi bayan an tashi daga makaranta, ko ranar kasuwa kaɗai. In ta kawo hijabi ko takalmi daga asusun ƙungiya, cikin mayafi take kawo shi, ta ce wa uwar ga wannan a ba 'yata.

A ɓangaren gwamnati, Sule Lamido ya fara biyan naƙasassu alawus na naira 7,000 a wata daga 2007, ya ayyana ilimi kyauta ga 'ya'ya mata, a 2008 kuma ya kira taron talakawa a Dutse inda masu ƙananan sana'o'i suka faɗi halin da suke ciki da bakinsu a gaban manya. Kowa da ra'ayinsa a kan siyasar wancan lokaci, amma ayyana ilimin kyauta ga dukkan 'ya'ya mata, ba ga matalauta kaɗai ba, ya sa uba bai buƙaci ya amsa sunan matalauci kafin 'yarsa ta amfana ba. Haka ma kwamitin zakka na masarautar Dutse, wanda ya yi suna a zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi: mai karɓar zakka ya san addini ne ya yanka masa rabonsa, ba alfarmar wani yake ci ba.

A makarantar da na yi sakandare na ga hanyoyin nan biyu a zango guda. Wata ƙungiya ta kawo kayan makaranta da jakunkuna domin marayu. Aka tara mu a filin taron safe, aka ɗauko takarda aka fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ga mai ɗaukar hoto a tsaye. Wasu sun fita kansu a sunkuye. Wani abokina da aka kira sunansa sau uku bai motsa ba, alhali wandonsa ya sha faci har ba a gane asalin yadin. Daga baya aka ce masa ba shi da godiya. A wannan zangon ne kuma wata malama ta lura cewa wata ɗaliba ba ta zuwa duk ranar da za a karɓi kuɗin jarrabawar gwaji. Ba ta kira ta ofis ba. Ta ce tana neman mai yi mata kitso duk mako, ta riƙa biyan ta fiye da yadda ake biya a gari, ba wanda ya ce komai har yarinyar ta gama. Sai da na girma na gane cewa malamar tsohon tsarin uwar ɗaki ta farfaɗo, inda mai karɓa yake da abin bayarwa.

Layin abinci da abin da ya biyo baya

A 2016 gwamnatin tarayya ta fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, a kan naira 70 ga kowane yaro a rana, matan gari ne kuma ke dafawa. Ba a taɓa yin taimakon da aka karɓa da sauri irin wannan ba, har yaran da ba su isa shiga makaranta ba sukan biyo yayyensu da kwano. Dalilin a fili yake. Kowa a ajin ake zuba wa, ba a tambayar kowa labarin gidansu, mai zubawar kuma goggon wani ce ko maƙwabciyar wani, don haka ba mai zargin abin da ke cikin tukunya. Shirin yana da nasa ramukan: naira 70 ta riƙa ƙanƙancewa a kasuwa, ɗan aji huɗu yana kallon ƙaninsa yana ci, wasu yaran kuma da an sauke tukunya sun cinye sai su bi ta bayan aji. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi na tarayya, iyaye suka tuna darasin 1986.

A nan ne wani adadi yake da amfani. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙasa da ma'aunin talauci. Tsarin kula da walwalar ɗalibi na Turawa an gina shi ne domin aji mai yara talatin, uku daga ciki na cikin matsi, ana neman a zaƙulo su. A aji mai yara tamanin a Gwaram ko Jahun, wa za a zaƙulo? Duk jerin sunayen da aka rubuta zai bar waɗanda halinsu ɗaya da na ciki, ya kuma buɗe ƙofar zargin son kai, sannan ya ɗora wa waɗanda aka zaɓa suna. Wannan ita ce jarrabawar da ke gaban shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Jigawa ta shiga a rukunin 2023, yake kuma biyan iyayen 'yan mata daga gidaje mafi talauci don su bar su a sakandare. Kuɗin yana da amfani, kuma tura shi ta asusu ya fi kiran suna a fili rufin asiri. Amma asusu yana buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa da waya da zuwa banki, kuma gidan da ya fi kowa talauci shi ne ya fi rasa waɗannan.

A jami'a na riski na baya-bayan nan. Da aka buɗe asusun ba ɗalibai rance na NELFUND a watan Mayu na 2024, tambayar farko da na ji 'yan'uwana ɗalibai suna yi ba ta yawan kuɗin ba ce, ta kuɗin ruwa ce. Sai da aka tabbatar babu ruwa a ciki, kuma biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, sannan shagunan kwamfuta na Dutse suka cika. Waɗanda na san ba za su taɓa zuwa ofishin kula da ɗalibai su ce ba su da kuɗin rajista ba, su ne suka fara cikewa, suna ma koya wa juna a fili, saboda bashi abu ne da mutum mai mutunci yake ci ya biya. Sai dai kafin ka cike wannan takarda dole ka riga ka sami gurbi a jami'a ko kwaleji. Abokin nan nawa da ya ƙi fita karɓar jaka bai kai nan ba. A aji biyar na sakandare ya tsaya, yanzu yana sayar da dabino a Fatakwal. Haka kuma almajiran da aka dawo da su daga wasu jihohi a 2020, lokacin annobar korona, aka tsugunar da su a sansanin masu bautar ƙasa na Fanisau kafin a miƙa su ga iyayensu: yawancinsu ba su da suna a rajistar kowace makaranta, don haka ba layin abinci, ba kwamiti, ba malamar da za ta lura ba su zo ba.